Gani ya kori ji? Magana kan hoton ƙwayar murar tsuntsaye

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo. Wanda datarsa ke kan gargara ya adana shi sai ya samu sarari, amma don Allah a kai ƙarshe kafin a far mini.

Akwai wani hoto da ba ya tsufa a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp da nan Facebook. Wasu 'yan sanduna da ɗige-ɗige masu ruwan zinariya, zube a cikin wani abu kore shar, a ƙasa an rubuta wai ga ƙwayar cutar murar tsuntsaye. Da hunturu ya kama, kaji suka fara faɗuwa a unguwanni, sai wani ya tono shi ya sake sakowa. Martanin da ke biyo baya kuwa kusan kullum kashi uku ne. Akwai masu cewa zanen kwamfuta ne, Turawa ne ke share fagen sayar mana da allura. Akwai waɗanda hankalinsu ke tashi, su tura wa dangi kaf da gargaɗin kada a ƙara cin kaza ko ƙwai. Sai 'yan barkwanci, masu cewa da za a buga shi a atamfa da ya yi kyau da ankon biki.

Ra'ayina shi ne duka ukun sun gaza a wuri guda: an kalli hoto, an yanke hukunci, ba a tambayi mene ne shi ba. Wannan gazawar ta fi muni a wurinmu, domin in an koma gida hutu mu ake miƙa wa waya a ce, kai da kake jami'a, wannan gaskiya ne? Amsar da muka bayar ita ce za ta yanke abin da za a yi da kajin gidan ranar da suka fara mutuwa.

To bari mu fara da hoton. Na gaske ne, kuma ya girmi yawancin 'yan aji ɗaya da ke shigowa makaranta yanzu. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ce ta fitar da shi, wata ma'aikaciyarta mai suna Cynthia Goldsmith ta ɗauka. Ya samo asali ne daga 1997, shekarar da cutar ta fara kama mutane a Hong Kong, ta kama 18 ta kashe 6. Abubuwan nan masu ruwan zinariya su ne ƙwayoyin cutar. Koren kuwa ƙwayoyin halitta ne na ƙodar kare da ake rainonsu a ɗakin gwaji, don a samu inda cutar za ta hayayyafa a yi nazarinta.

Amma ga inda mai shakka yake da gaskiya, kuma ya kamata a ba shi ita: launin nan ƙarawa aka yi. Ƙwayar murar tsuntsaye ba ta da ruwan zinariya, ba ta da wani launi ma kwata-kwata. A 2005 wani shahararren mai ɗaukar hoton kimiyya ɗan ƙasar Suwidin, Lennart Nilsson, ya fitar da nasa hotunan na wannan ƙwayar, a nasa shuɗiya ce. Abu ɗaya, wani ya shafa masa zinariya, wani ya shafa masa shuɗi.

Dalilin hakan ƙanƙantarta ne. Ɗauki rula ka dubi tazarar milimita ɗaya, wancan ɗan layin mafi ƙanƙanta. Ƙwayar mura tana da faɗin nanomita 80 zuwa 120, wato in ka jera su kafaɗa da kafaɗa sai wajen 10,000 sun shiga cikin wannan tazarar. Maikuroskof ɗin da muke leƙawa a ɗakin gwaji, irin wanda ake duba jinin mai zazzaɓin cizon sauro da shi, da haske yake aiki, kuma ganinsa yana ƙarewa ne a wajen nanomita 200. Duk kyawunsa, duk tsadarsa, ba zai nuna maka ita ba. Launi kuma daga haske yake fitowa, abin da ya yi wa haske ƙanƙanta ba shi da launin da za a gani. Sai da Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera wata na'ura a Jamus a 1931, wadda ke amfani da kwararar ilektiron a madadin haske, sannan hanyar ganin irin waɗannan halittu ta buɗe. Hoton da wannan na'ura ke fitarwa fari da baƙi ne, toka-toka. Daga baya ake bi da launi don idon mutum ya bambanta cutar da abin da take kwance a ciki. Kamar taswira ce. A taswirar Najeriya da ke bangon firamare za ka ga an shafa wa Adamawa launi daban, Taraba daban, Gombe daban. Ba wanda ya taɓa zuwa kan iyaka ya tarar ƙasa ta canja launi, kuma ba wanda ya ce taswirar ƙarya ce.

Akwai abu na biyu da masu yaɗa hoton cikin firgici ba su sani ba: hoton ba ya iya gaya maka wace irin mura ce. Sunan H5N1 ya fito ne daga wasu ƙayoyi iri biyu da ke jikin ƙwayar. Mai harafin H shi ke manne ta a jikin ƙwayar halittar da za ta shiga, mai harafin N shi ke sakin 'ya'yan da ta hayayyafa su fita. Lambobin kuma nau'in kowace ƙaya suke nunawa. A ƙarƙashin na'urar nan, H5N1 da murar da ke sa mu atishawa da sanyin Disamba kamarsu ɗaya. Ko ƙwararre ba zai kalli hoto ya rantse maka wacce ce ba. Saboda haka Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a nan ganin bai kori komai ba. Hujjar tana wajen gwaji: a goge maƙogwaron kaza da duburarta da ɗan auduga, a kai ɗakin gwaji, a karanta tsarin halittar ƙwayar ta hanyar da ake kira PCR. A ƙasar nan cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato ita ce uwa a wannan aikin, kuma tun 1924 take nan.

In hujja ake nema, ba sai an je Amurka ba, tarihinmu ya isa. Ranar 8 ga Fabrairu 2006 aka tabbatar da H5N1 a gonar kaji ta Sambawa da ke Jaji, a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Shi ne karo na farko da aka tabbatar da ita a cikin kaji a nahiyar Afirka. An ɗauki samfur an gwada a Vom, aka tura Padova ta Italiya, sakamako ya dawo iri ɗaya. Kafin watan ya ƙare aka same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. A watan Maris ta bayyana a cikin agwagi a Marwa, arewacin Kamaru, wadda mu mutanen Adamawa mun san ba wata duniya ba ce. Daga 2006 zuwa 2008 ta taɓa jihohi 25 da Abuja, aka hallaka tsuntsaye sama da miliyan ɗaya. A Janairun 2007 wata budurwa 'yar shekara 22 ta rasu a Legas, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ce. Ta lafa, ta sake dawowa a Janairun 2015 ta Kano da Legas, ta kuma dawowa a 2021. Duk wanda ke da ɗan uwa mai kiwon kajin gidan gona a Kano ko Jos ya tambaye shi. Shi bai ga ƙwayar cuta ba, ya dai ga ramin da aka zuba jarinsa.

Duk da haka ba na goyon bayan yadda wasunmu ke yi wa masu shakka dariya, ana kiransu 'yan ƙauye. Shakkun Arewa yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Wannan raunin yana cikin abin da ya sa aka dakatar da allurar shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga shi yanzu ƙirƙirarriyar basira tana iya haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba cikin ƙiftawar ido. Mutumin da ya ce maka, ka gani da idonka? tambaya mai kyau ya yi. Abin kunyar yana kan ɗalibin kimiyyar da ba shi da amsa sai tsaki. Da yawa daga cikin masu dariyar, in ka tsare su ka ce su bayyana me ya sa ƙwayar take da ruwan zinariya, sai inda-inda. Su ma ji suka yi suka yarda, bambancinsu da mai shakka kawai wanda kowa ya zaɓa ya gaskata.

Masu firgita jama'a kuma su sani ba taimako suke yi ba. Mun tuna daren Agustan 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya karaɗe ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi tsakar dare suna dafa ruwa, wasu suka ƙare a asibiti, wasu suka rasa ransu. Saƙon waya ne ya yi wannan aika-aikar, kuma masu ilimi na cikin waɗanda suka tura shi. Haka a 2006, tsoro ya sa mutane suka ƙaurace wa kaza da ƙwai, farashi ya faɗi warwas, har manoman da cutar ba ta taɓa gonarsu ba suka tafka asara. Alhali zafin girki yana kashe ƙwayar. Naman da ya dahu har ciki, ya kai ma'aunin zafi 70, da ƙwan da ya dahu gwaiduwarsa ta daskare, ba su ne hanyar kamuwa ba. Mai shayi da ke soya mana ƙwai da daddare bai yi wa kowa laifi ba.

Haɗarin yana kafin tukunya. Yana wajen yanka kaza marar lafiya, da figarta, da fede cikinta, da sharar kashinta, da yaron da ke wasa da wadda ta mutu. Ku tuna su waye ke wannan aikin a gidajenmu: mata da yara. A kasuwa kuma samarin nan masu fige kaji, hannu cikin jini da gashi tun safe har yamma, babu safar hannu babu takunkumi. Tun daga 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutane sama da 800 da suka kamu da H5N1 a duniya, kusan rabinsu suka mutu, kuma mafi yawansu ta hanyar cuɗanya da tsuntsaye marasa lafiya suka ɗauka.

A nan ne maganar ta shigo ɗakunanmu na haya. Mu da ke zaune a Damare da Sangere da sauran unguwannin da ke kewaye da makaranta mun san yadda aljihun ɗalibi yake. Ranar da aka ce ga kaji ana karyar da su rabin kuɗi, ba wanda ke tambayar dalili, sai a haɗa kuɗi a yi farfesu. To a tambaya. Mai kaji ba ya karya farashi don yana ƙaunarka. Sau da yawa ya ga sun fara faɗuwa ne, yana so ya tsira da wani abu kafin su ƙare. Kazar da aka ɗauko daga irin wannan garken, aka ɗaura a bayan babur aka tsallaka gada da ita zuwa kasuwar Jimeta, aka cusa ta keji ɗaya da kajin Fufore da na Song, wani ya saya don kiwo ya kai gida, ita ce ke yi wa cutar dako. Wurin zamanmu ma yana ƙara mana dalilin lura. Ga Binuwai da ya gangaro daga Garwa, ga tafkin Gerio, ga Njuwa, ga madatsar Kiri, duk matattarar tsuntsayen ruwa ne. Agwagin daji su ne ma'ajiyar ƙwayoyin murar tsuntsaye tun asali, kuma agwagwa kan iya ɗauke da cutar tana yawonta lafiya ƙalau, kazar da suka sha ruwa tare ta mutu.

Na san abin da wani zai ce: malam, ga zazzaɓin cizon sauro, ga kwalara duk damina, ga Lassa, ga yunwa, ga rashin tsaro, kai kuma kana maganar murar kaji? Ya yi gaskiya, in ana lissafin gawar mutane a Najeriya wannan cutar tana can ƙasa. Har yanzu ba ta iya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi ba. Amma abu biyu. Na farko, kaza ita ce asusun matan karkara. Da ita ake sayen maganin yaro, da ita ake haɗa kuɗin jarrabawa, wasunmu ma kuɗin motar da ya kawo mu makaranta daga akurki ya fito. Cutar da ke share akurki cikin kwana biyu zuwa uku ba ƙaramar magana ba ce. Na biyu, kundin halittar ƙwayar mura gutsure 8 ne. In mura iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya, suna iya musayar gutsuren su haifar da sabuwa, kamar yadda annobar murar 2009 ta samo asali. Duk mutumin da ya kamu wata dama ce aka ba ƙwayar ta gwada sa'arta.

Kuma ta nuna tana iya ba da mamaki. A Maris 2024 aka same ta a cikin shanun madara a jihar Texas ta Amurka, abin da masana ba su yi tsammani ba, kuma a cikin madarar ta fi taruwa, har kuliyoyin da suka sha ɗanyarta a gonakin suka mutu. Wannan can ne ya faru, kada wani ya ɗauki maganata ya je ya ɓata wa masu tallar nono kasuwa. Amma jihar da ke da kasuwannin shanu irin na Mubi da Ngurore ya kamata 'ya'yanta masu karatu su san labarin. Maganin kuma tsoho ne: a tafasa madara kafin a sha, abin da likitoci suka daɗe suna faɗa saboda tarin fuka da sauran cututtukan da ke bin ɗanyar madara.

Akwai kuma gaskiyar da masu wa'azin kai rahoto ba sa son faɗa. Talaka ba zai kai rahoton abin da zai jawo a hallaka dukiyarsa a bar shi hannu rabbana ba. A 2006 diyyar da gwamnatin tarayya ta fara sanarwa naira 250 ce kan kowace kaza, manoma suka koka cewa ba ta kai kuɗin kasuwa ba, daga baya aka sake duba ta. Darasin a bayyane yake: in diyya ta yi kaɗan ko ta yi jinkiri, mutane za su ɓoye, su sayar da daddare. Don haka duk ɗalibin da ke son a yaƙi wannan cuta, ya haɗa da neman a riƙa biyan diyya mai ma'ana a kan lokaci, har ga mai kaji goma a bayan ɗaki, ba manyan gonaki kaɗai ba. In ba haka ba, muna neman talaka ya biya kuɗin kare lafiyar kowa daga aljihunsa.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Kafin ka tura hoto, ka san wa ya ɗauka, yaushe, kuma me yake nunawa. In ba ka sani ba, riƙe shi. In ka je gida, ka faɗi alamomin da ido ke iya gani: kaji su riƙa mutuwa da yawa farat ɗaya, kai da fuska su kumbura, tukku ya koma shuɗi-shuɗi, ƙafafu su yi jaja-jaja kamar jini ya kwanta, ƙwai ya ɗauke. Ka kuma faɗa cewa cutar Newcastle da ke kashe kaji duk hunturu tana kama da ita sosai, gwaji ne kaɗai ke raba su, shi ya sa ake kiran malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Kada a yanka marar lafiya, kada a sayar, kada a jefa mushen a bola ko a kogi inda karnuka da yara za su kai gare shi. A sa leda a hannu, a haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabulu. Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida. A raba wa agwagi wurin kwana da wurin shan ruwa.

Wannan bayanin duka bai fi minti biyu a baki ba, kuma waɗanda suka fi buƙatarsa ba sa karanta dogon rubutu a Facebook, saƙon murya suke saurare. A makarantar nan muna da masu jin Fulatanci, da Bacama, da Kilba, da Margi, da Camba, da Higgi. 'Yan sashen kiwon dabbobi da na nazarin ƙananan halittu su duba abin da na rubuta, su gyara inda ya kamata, mu tsayar da magana ɗaya. Sannan kowa ya naɗa da harshen gidansu ya tura guruf ɗin dangi kafin sanyi ya shigo. Wanda zai ɗauki wani harshe ya rubuta a ƙasa, ya kuma gaya mana sunan da ake kiran annobar kaji da shi a garinsu, domin da wannan sunan za a fara saƙon.